Me Ke Shaƙe Kifi a Cikin Ruwa?

Masu kamun kifi a rafukan Abuja, har da Wupa da ya ratsa yankin masana'antu na Idu, sun san wannan abu. Idan bazara ta kankama, wajen Maris zuwa Afrilu, akan tarar da karfasa sun taso saman ruwa da asuba, baki buɗe, suna haki. Wasu sun kife, cikinsu fari a sama. Da hantsi ya yi, sauran su nutse abinsu.

Zargin farko kan guba yake faɗawa, kuma da dalili: an daɗe ana jin labarin masu zuba Gamalin a ruwa don kwasar kifi, ga masana'antu a gefe. To amma me zai sa guba ta kama da asuba ta saki da hantsi? Me kuma zai sa ta ƙyale tarwada, wadda ke yawonta lafiya lau a ruwan nan guda?

Tarwadar ce ta fara tona asirin. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take daɗewa a caɓi ba ta mutu ba. Karfasa ba ta da wannan gata, da oksijin ɗin da ya narke a ruwa take rayuwa. Ashe numfashi ne ya yi mata wuya.

Saura batun asuba. Gansakuka da ciyayin ruwa suna samar da oksijin muddin akwai hasken rana. Da dare sai su daina, su koma jan wanda ke akwai, su da kifi da ƙwayoyin halittar da ke cin ƙazanta. Kafin gari ya waye an kusa cinye shi.

Amma ai da hunturu ma dare na yi. A nan zafi ya shigo. Litar ruwa mai ɗumin digiri 20 kan riƙe oksijin kusan miligiram 9. Ya kai digiri 30, sai ya koma wajen 7.5. A daidai lokacin kuma jikin kifi ke ƙara neman iska, domin ɗumin ruwa ne ke tafiyar da jikinsa. Buƙata ta ƙaru, rabo ya ragu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda rafin kansa ya canza. Tun da gwamnati ta taro Abuja a 1991, siminti da kwalta ke ta rufe ƙasa. Ruwan damina da a da yake nutsewa, ya riƙa tsattsafowa da sanyinsa har cikin rani, yanzu kwararewa yake yi a lokaci guda. An sare itatuwan bakin rafi, inuwa ta tafi. Ruwa kaɗan, kwance, rana na dukansa, ga dattin kwata da ba abin da zai tsinka shi.

A kan wannan duka ɗumamar yanayi ta hau. Shekarar 2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa kafinta zafi a duniya. Kifayen ruwan sanyi su suka fara ji a jika: a 2015, dubban ɗaruruwan kifin salmon sun mutu a kogin Kolumbiya na Amurka saboda ɗumin ruwa. Namu sun fi juriya, amma juriyar tana da iyaka.

Zafin duniya ya fi ƙarfin Idu. Barin itatuwan gaɓar rafi da hana tura kwata cikinsa kuwa, waɗannan suna hannunmu da na hukumomin Abuja. Don Allah a fara da su tun kafin bazara mai zuwa.