Sarautu da Masu Sarauta a Ƙasar Hausa

A birnin Guangzhou, kusa da tashar jirgin ƙasa, akwai wata babbar kasuwar tufafi da a ke kira Baima, watau Farin Doki. Fatake daga Kano da Katsina da Maraɗi su kan zo sari a nan. Wanda ya kasa kunne wata rana ya ji an gai da wani dattijo cikinsu an ce, "Ranka ya daɗe, Turaki." Baƙo sai ya zaci sunan mutumin ke nan. Ba sunansa ba ne, sarauta ce da aka naɗa masa a garinsu, ta biyo shi har Ƙasar Sin.

Mai koyon Hausa ya kan yi tambaya, tsakanin Turaki da Galadima wa ya fi girma? Yana tsammani sarautun Hausa tsani ne, kamar darajoji biyar na manyan Sin na dā, gong da hou da bo da zi da nan. Abin ba haka ya ke ba. Kowace sarauta a ƙasar Hausa tana da aikinta, da asalinta, da irin mutanen da a ke ba ta. Girmanta kuwa ya kan sake daga gari zuwa gari. Bari mu ɗauki Kano mu duba.

Sarki shi ne bisa kowa. A ƙarƙashinsa sarautun sun kasu kashi huɗu. Na fari na 'ya'yan sarki ne, kamar Galadima da Wambai da Ciroma da Ɗan Iya da Turaki. Daga cikinsu a kan sami sabon sarki, amma babu sarautar da ta tabbatar wa mai ita da gado. Abdullahi Bayero yana Ciroma ya hau a 1926, ɗansa Muhammadu Sanusi ma daga Ciroma ya hau, amma Abbas, wanda Turawa suka naɗa a 1903, Wambai ne.

Na biyu su ne sarautun manyan gidaje, waɗanda ba su neman gadon mulki, amma su ke zaɓen wanda zai hau. A Kano su huɗu ne: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, sai Sarkin Dawaki Mai Tuta daga Sulluɓawa. Kakanninsu su ne shugabannin da suka yi jihadi a ƙasar Kano bayan 1804. A Katsina masu zaɓen su ne Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. Mai karatu ya lura a nan: Galadiman Kano ɗan sarki ne, yana iya zama sarki, amma Galadiman Katsina mai zaɓe ne. Suna ɗaya, matsayi daban.

Na uku sarautun malamai, kamar Waziri da Alƙali da Liman. Na huɗu kuwa na bayin sarki ne, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Kada a raina su don an ce bayi. A ƙarni na 19 su ke riƙe da dawakin sarki da makamansa da ƙofar fadarsa, har hakimi ma ya kan bi ta hannunsu kafin ya ga sarki. Bauta ta ƙare, amma zuriyarsu na riƙe da sarautun.

Mata ma ba a bar su ba. Uwar Sarkin Kano ita ce Mai Babban Ɗaki, a Daura akwai Magajiya, a Maraɗi akwai Iya. Sa'an nan kowace sana'a da sarkinta: Sarkin Pawa na mahauta, Sarkin Maƙera, Sarkin Aska na wanzamai. Hausawa in suka yi zango a baƙuwar ƙasa, kamar Sabo a Ibadan ko Zangon Kumasi, su kan naɗa Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango, ya raba gardama, ya tsaya musu wurin hukuma.

Sunayen da kansu suna ba da tarihi. Galadima da Ciroma da Yarima daga Barno suka zo. Waziri da Alƙali Larabci ne. Madaki kuwa Hausa ce, asalinsa Madawaki, watau shugaban mahaya a fagen fama. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa majalisar da a ke kira Tara ta Kano, a zamaninsa kuma Shehu Magili ya zo ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Bayan jihadi an so a bar sarautun Haɓe, amma da Ibrahim Dabo ya hau a 1819 ya ga ƙasa ba ta riƙuwa sai da su, sai ya mayar da su. Sarakunan Kano tun daga sa'an nan zuriyarsa ne.

To, ina amfanin wannan rarrabawa? Amfaninta shi ne kada iko ya taru a hannu ɗaya. Ɗan sarki yana da haƙƙin gado amma ba ya zaɓen kansa. Mai zaɓe yana zaɓe amma ba ya hawa. Malami yana tuna wa sarki shari'a, bawa yana tsaron fada. Sarki na iya naɗawa ya tuɓe, amma in ya ɗauke sarautar wani gida ya kai wani, ya sayi rigima. Ba a rubuta wannan tsari a takarda ba, amma kowa ya san shi, ya kuma daɗe yana aikin da rubutaccen tsarin mulki ke yi a ƙasashen Musulmi masu sarki, kamar Maleshiya, inda sarakuna tara ke zaɓen babban sarki daga cikinsu kowace shekara 5.

Zuwan Turawa ya sake al'amarin. Suka fid da hakimai daga birni zuwa gundumomi, Madaki a Dawakin Tofa, Makama a Wudil, Sarkin Bai a Ɗambatta, aka yanka musu albashi daga baitulmalin En'e. Zaɓen sarki kuma sai da yardar Gwamna. Bayan mulkin kai ikon nan ya koma hannun 'yan siyasa, har Muhammadu Sanusi ya sauka a 1963 ya tafi Azare. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba. A 2019 gwamnatin Jihar Kano ta raba masarautar gida biyar, a 2020 ta tuɓe Muhammadu Sanusi na Biyu ta naɗa Aminu Ado Bayero, a 2024 wata gwamnati ta soke dokar ta mai da Sanusi, magana ta tafi kotu.

Duk da haka mutane ba su daina son rawani ba. Attajirai da ma'aikata da 'yan siyasa suna neman sarauta, ko da babu gunduma a bayanta. Firimiyan Jihar Arewa ma, Alhaji Ahmadu Bello, talakawa ba su kiransa sai Sardauna.

Saura ladabin magana. In an naɗa mutum, sunan yanka ya kwanta, da sarautarsa a ke kiransa. A kan haɗa ta da gari, a ce Madakin Kano, Ƙauran Katsina. In za ka gaishe shi, ka rusuna ka ce, "Ranka ya daɗe." In sarki ne, ka tuɓe takalmi ka ce, "Allah ya ja zamanin Sarki." In ka haɗu da Turakin nan a Baima, kada ka tambaye shi ko ya fi Galadima. Tambaye shi Turakin wane gari ne, zai ba ka labarin da kansa.