Ƙurjin Da Ba A Yi Wa Sakiya

A 1898 wani kamfanin Jamus, Bayer, ya fara sayar da hirowin a kan maganin tari ne. Yau kuwa likitocin fiɗa a nan Ingila sun san ta ta wata fuska dabam.

Wanda ya saba yi wa kansa allurarta ya kan fara da jijiyoyin hannu. Garin da a ke sayarwa a nan ba ya narkewa sai an sa masa tsami, tsamin nan kuwa yana ƙona jijiya har ta toshe. In na hannu sun ƙare sai ya koma gindin cinya. To, a nan haɗarin ya ke, gama jijiyar da ya ke nema tana kwance ne dab da babbar jijiya mai bugawa, wadda ke kai jini ƙafa. In allura ta kuskure ta huda wannan, ga kuma ƙazanta, sai bangonta ya ruɓe, jini ya taru waje guda kamar jaka.

Ga ido, kumburin nan ƙurji ne sosai: ja, da zafi, da zazzaɓi. A gida da tuni an kira wanzami ya yi sakiya, kuma ga ƙurji na gaskiya fid da mugunya shi ne magani, ko a asibiti. Amma wannan, in aka sa masa aska, jini ne zai yi tsartuwa, mutum ya iya rasuwa cikin 'yan mintoci. Saboda haka likita ya kan ɗora hannu ya ji ko yana bugawa tare da zuciya, sa'an nan a ɗauki hoton jijiyar kafin a taɓa shi.

In ya tabbata, yawanci ɗaure jijiyar a ke yi sama da ƙasa, a yanke ruɓaɓɓen nama, a bar raunin a buɗe, a bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Me ya hana a sa jijiyar roba a madadinta? Ai roba a cikin mugunya ita ma harbuwa ta ke yi, ta ɓalle. Sai a dogara ga ƙananan jijiyoyin da ke kewaye su ciyar da ƙafar. Sau da yawa su kan isa, ko da ya ke mai ita ya kan ji ciwon sha-raɓa in ya yi 'yar tafiya. Waɗansu kuwa, ƙafar ta kan yi sanyi ta baƙanta, sai an yanke ta.