Aron Littafi Tsakanin Ɗakunan Karatu Da Taskokin Malamanmu

Duk wanda ya zauna gaban malami a Bakori ko Funtuwa ko Malumfashi ya san yadda littafi yake yawo tun zamanin da. Almajiri yakan ari littafin malaminsa ya kwafe da hannu, sa'an nan ya mayar da shi. Da haka ne rubuce-rubucen waliyyan Katsina, irin su Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667, suka kai garuruwan da su kansu ba su taɓa takawa ba.

Wannan al'ada ce jami'o'i suka ɗauka. A 1964 Jami'ar Ibadan ta buɗe cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci a ƙarƙashin John Hunwick. A shekarar kuma aka fara Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akan ari littafi wurin mai shi, a ɗauki hotonsa shafi-shafi a kan ɗan siririn fim, a mayar masa da abinsa. Bayan haka sai a buga jerin sunayen abin da aka samu, domin mai bincike a Kano ko Sakkwato ya san inda zai nufa. Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970, shi ma yana adana irin waɗannan takardu.

Dalilin wannan taimakon juna a fili yake, domin babu ɗakin karatun da zai mallaki kome, kuma littafin da babu kwafinsa a wani wuri, gara ko ɗigar ruwa ko gobara na iya gamawa da shi dare ɗaya. A Janairun 2013 an ƙone dubban rubuce-rubuce a cibiyar Ahmad Baba ta Tambutu. Haka nan magadan da ba su san darajar takarda ba suna iya watsar da ita ranar rabon gado.

'Yan kasuwa su tuna da Alhaji Umaru Falke na Kano, falke kuma malami, wanda ya rasu a 1962. Littattafansa fiye da 3,000 suna Jami'ar Northwestern a Amurka, a adane, amma nesa da almajiran garinsa.

To, yanzu ɗaukar hoton shafi ya yi sauƙi, ga kuma jami'o'i a Katsina da Dutsin-Ma kusa da mu. Abin da ya rage shi ne amana. Mai taska a ƙasar Bakori ya yarda a ɗauki hoton littattafan kakanninsa, a rubuta masa takardar shaida, a kuma mayar masa da su cif. Jami'ar da ta ɗauka ta ba 'yan'uwanta kwafi. Attajirai su taimaka da kuɗin aikin, ma'aikata kuwa su riƙe alkawari, domin malamin da aka ci amanarsa sau ɗaya ba zai sāke buɗe akwatinsa ba. Allah Ya sa mu dace, amin.