Taron iyali a majami'a: yara da iyaye a gaban jaraba

Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya bisa ɗari na jama'ar ƙasa ba, bisa ga ƙidayar 2012, amma a ƙasar Hausa tarihinsu ya haura shekaru ɗari. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe gidan likita na Galmi a 1950. Daga wannan tushe ne majami'u masu sujada da Hausa suka yaɗu.

A ranar Lahadi, yawanci yara suna da nasu aji. Taron iyali shi ne ranar da ake ajiye wannan tsari, tsoho da jikansa su saurari magana ɗaya. In batun ranar jaraba ne, sai aikin mai wa'azi ya yi nauyi, don kuwa abin da ke jan ɗan shekara bakwai daban yake da abin da ke hana ubansa barci.

Da yara ake farawa, bayan ƴan zumuntar mata sun yi waƙa da tulu da kacau-kacau. Ana ba su labarin Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, yadda Linjilar Matiyu da ta Luka suka kawo shi: azumin kwana 40 a jeji, sannan Shaiɗan ya zo masa ta hanyar abinci, da mulki, da neman ya gwada Allah. Yara sun fi gane ta farko. Duk wanda aka taɓa aika kasuwa da dala ashirin, ya bi ta gaban mai ƙosai, ya san ta.

Matasa kuwa rabonsu labarin Yusufu da matar maigidansa a Masar, labarin da mai karatu Musulmi ya sani tun yana makarantar allo. Abin da ake jaddadawa shi ne Yusufu gudu ya yi, bai tsaya gardama ba. Daga nan magana kan gangaro kan tiramol da cacar ƙwallo ta wayar salula.

Wurin manya ne zance ke yin tsauri. Akwai labarin Gehazi, baran annabi Elisha. Maigidansa ya ƙi karɓar tukuici daga Na'aman, sarkin yaƙin Suriya da ya warke daga kuturta, sai baran ya bi baƙon a ɓoye, ya yi ƙarya da sunan maigida, ya karɓo azurfa da riguna biyu. Cutar Na'aman ta koma kansa. A yankin da ke da gidan likita na kutare a Danja, ba a buƙatar dogon bayani. Ma'aikacin da takardar talaka ke kwana a teburinsa har sai an ba da na goro ya san da wa ake, haka ma ɗan kasuwa mai tiya biyu, ta saye da ta sayarwa.

Sai dai maganar ba ta da sauƙi kamar yadda take a kan mumbari. Dattawan ma'aikata ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, ga kuma watanni na albashin da ba a biya ba. Mutum mai baki goma a gida, in an ce masa ya maida hannu aljihu, yana da hakkin ya tambaya da me za a aza tukunya. Majami'ar da ta yi wa'azin nan ba tare da ta tara hatsi ga irin wannan magidanci ba, rabin aiki ta yi. Ga kuma ɗansa zaune kusa da shi, ya ji labarin Gehazi, kuma yana gida ranar da aka kawo buhun shinkafa daga wani da ba dangi ba.