Kalmar Tambaya "Ina": Ma'anoninta da Yadda Ake Amfani da Ita

1. Gabatarwa

Hausa na da kalmomi biyu da ake rubutawa "ina", karin sauti ne ke bambanta su. Ta tambaya tana da karin ƙasa-sama (Ina Audu?), ta mutum na farko kuwa sama-ƙasa (Ina zuwa). Wannan darasi ya shafi ta farko ne.

2. Tambayar wuri

Asalin aikinta shi ne tambayar wuri:
(a) Ina kasuwa?
(b) Daga ina kuke? Daga Maraɗi.
(c) Mutumin ina ne? Mutumin Damagaram ne.

Idan "ina" ta zo a farkon jimla mai aikatau, dole a bi ta da siga mai dogaro. Ana cewa "Ina suka tafi?" da "Ina kake zaune?" Kuskure ne a ce "Ina sun tafi?" ko "Ina kana zaune?" Amma idan ta zo a ƙarshe, sigar ba ta canzawa: "Sun tafi ina?" A karin harshen yamma, kamar na Tawa da Sakkwato, za a ji "Ina sunka tahi?"

A zancen da ba tambaya kai tsaye ba, "inda" ke maye gurbinta: "Ban san inda suka tafi ba."

3. Gaisuwa

A nan ba wuri ake tambaya ba, hali ake tambaya, kuma kowace gaisuwa da amsarta:
Ina kwana? Lafiya lau.
Ina gajiya? Ba gajiya.
Ina aiki? Da godiya.
Ina labari? Sai alheri.

Wanda aka ce masa "Ina kwana?" ya shiga faɗin inda ya kwana, ya ba da dariya.

4. Sauran ma'anoni

(a) Musu: Ya biya bashin? Ina!
(b) Rashin dacewa: Ina ni ina sayen mota?
(c) Tsawatarwa: Ina ruwanka? Ba a faɗa wa babba haka.
(d) Buri: Ina ma a yi ruwa yau!
(e) Da "ko" a gabanta, tana nufin kowane wuri: Na duba ko'ina.

5. Aikin gida

Ɗalibi ya gyara waɗannan jimloli, ya kuma faɗi dalili:
(a) Ina yara suna wasa?
(b) Ina kun sayi gero?