Ashe Kitse Ma Yana da Ta Cewa

Jama'a, yau kitsen jiki muka ɗora a faifai. Da yawa mun ɗauka kaya ne kawai da mutum ke yawo da shi, ashe har a batun haihuwa sai an ji ta bakinsa.

Kitse yana sakin wani sinadari mai suna leptin, wanda ke bin jini zuwa ƙwaƙwalwa da rahoton abin da ya rage a rumbun jiki. Sai a 1994 aka gano shi. Ya daɗe yana aiki ba a san da zamansa ba!

Ɓeraye ne suka tona asirin. A 1949, a wani ɗakin bincike a Amurka, aka ga waɗansu suna ci ba ƙoshi, nauyinsu har ninki uku na 'yan'uwansu, matansu kuma ko ɓatan wata ba sa yi. Da aka gano leptin aka yi wa irinsu allurarsa, sai ci ya ragu, ƙiba ta zube, matan suka ɗauki ciki. Ikon Allah!

Wani jinsin kuma leptin ɗin tuli yake a jininsa, makarɓinsa na ƙwaƙwalwa, wato abin da ke karɓar saƙonsa, ne ya lalace. Masana suka ɗinke jikin irin wannan ɓera da na lafiyayye yadda jini zai riƙa ratsa su biyun. Lafiyayyen ya ƙaurace wa abinci har yunwa ta kashe shi, don ƙwaƙwalwarsa ta yi ta jin an ƙoshi. Shi kuwa mai ƙibar ko a jikinsa. Allah sarki.

Makarɓan nan kusan iri shida ne, amma dogon cikinsu kaɗai ke isar da saƙo cikakke. Wani ma yawo yake cikin jini yana riƙe da leptin ɗin. Kowa da aikinsa!

Wani abin mamakin, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke tayar da sinadaran sakin ƙwan mace ba su da makarɓin ko ɗaya. Sai maƙwabtansu sun karɓi labari sun kai musu. Komai sai da ɗan aike.

Mace da namiji masu tsayi da nauyi ɗaya, leptin ɗin macen kan ninka nasa sau biyu zuwa uku. A nan kam mata ne a gaba!

Leptin ya fi yawa cikin dare, lokacin da ake barci. In ciki ya shiga, mabiyiya ma takan haɗa nata, kuma har cikin ruwan nono ana samunsa. Jariri na sha bai sani ba.

A 1997 aka samu yara biyu 'yan dangi ɗaya a Ingila da aka haifa jikinsu ba ya yin leptin: yunwa ba dare ba rana. Masu wannan lalura ba sa balaga yadda ya kamata sai an sa su a kan allurarsa. Sauƙin dai, ba su da yawa a duniya.

'Yan wasan tsere mata da masu matse cikinsu da gangan sukan rame har al'ada ta ɗauke, domin leptin ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ce ba yanzu ba. A wani gwaji na 2004, allurarsa ta dawo wa waɗansunsu da sakin ƙwai. Makiyaya ba za su yi mamaki ba: saniyar da ta rame da rani takan jinkirta karɓar bijimi.

Kada kuma a ce ƙiba ce mafita. Mai ƙiba sosai leptin ɗinta ya yi yawa har ƙwaƙwalwa ta daina saurarensa, al'ada kuma ta iya rikicewa. Ta ko'ina dai sai an auna!

In wani ya tallata muku ƙwayar leptin ta haɗiya, ku riƙe kuɗinku: ciki narkar da shi yake yi kafin ya kai jini. Ke kuma 'yar'uwa, in al'adarki ta ɗauke wata 3 ba ciki ba shayarwa, ki je asibiti a duba ki.