Haruffan ADN da aka sauya wa sifa: matsalar karatun zare na uku

1. Gabatarwa

Tun 1953 aka san cewa ADN tufka ce mai zare biyu, kuma haruffanta huɗu ne: adenin (A), timin (T), gwanin (G) da sitozin (C). A na haɗuwa da T, G na haɗuwa da C. A 1957, Felsenfeld, Davies da Rich suka nuna cewa zare na uku na iya kwanciya a kan tufka irin wannan. A 1987, ƙungiyar Dervan a Amurka da ta Claude Hélène a Paris suka gwada cewa gajeren zaren da aka haɗa a ɗakin bincike na iya nemo wuri guda cikin ADN, ya maƙale masa. Manufar ita ce a toshe ƙwayar gado mai jawo cuta, a hana ta aiki. A nan za mu duba dalilin da ya sa haruffa na asali suka kasa, da yadda aka gyara su.

2. Iyakar haruffa na asali

Zare na uku yana kwanciya cikin babban kwarin tufkar, yana kama A ko G da haɗin hidorojen biyu, irin wanda Hoogsteen ya bayyana. T na gane A-T, C kuma na gane G-C. Matsaloli biyu ne ke tasowa.

Ta farko, C ba ya kama G sai ya ɗauki furoton, wannan kuwa sai cikin ruwa mai ɗan tsami, ƙasa da pH 6, alhali cikin ƙwayar jiki pH na wajen 7. Ta biyu, dole A da G su jeru a zare ɗaya. In aka ci karo da T-A ko C-G, wato harafin ya juya, riƙon sai ya yi rauni. Ke nan cikin haɗuwa huɗu, biyu kawai zaren ke iya karantawa, kamar mai karatun da ya san rabin baƙaƙe.

3. Gyare-gyaren da aka yi

Matsalar tsami ita ta fi sauƙi. Ƙara metil ga sitozin a matsayi na 5 ya ɗan ƙarfafa riƙon. A 1991 aka kawo pseudo-izositozin, wanda ke kama G ba tare da furoton ba. Daga baya aka yi amfani da 2-aminopiridin, wanda ke riƙe furotonsa har kusan pH 7.

Juyewar harafi ta fi wuya. A 1989, Griffin da Dervan suka gano cewa G na iya gane T-A, amma da haɗi ɗaya tak. Ga kuma metil ɗin timin da ke tare hanya. A 1992 ƙungiyar Dervan ta ƙera harafin D3, wanda ya riƙe T-A da C-G. Da aka binciki sifarsa, sai aka tarar cusa kansa yake yi tsakanin matakan tufkar, ba haɗin hidorojen yake ƙullawa ba. Wannan ya nuna mana abu muhimmi: riƙo daban, ganewa daban. Harafin da ya manne wa haɗuwa biyu bai bambance su ba, yana iya kai zaren inda ba a aike shi ba.

A 2005, ƙungiyar Fox da Brown a Southampton, Ingila, ta haɗa ƙirarrun haruffa huɗu cikin zare guda, ya gane haɗuwar nan huɗu a pH irin na jiki.

4. Kammalawa

Wannan nasara a kwalbar gwaji aka same ta. Cikin ƙwayar jiki, sai zaren ya tsira daga anzim masu yanka shi, ya shiga cibiya, ya isa ADN da ke naɗe da furotin. Tun 2012 dabarar CRISPR ta janye hankalin masu bincike da dama. Duk da haka, ma'aunin da aikin zare na uku ya kafa yana nan: a auna ƙarfin riƙo, a kuma auna ko harafin na ƙin sauran haɗuwa ukun.